Na Kai Yumɓun Saulawa Wutar Tangaran

Saulawa zuwa Ikara

Ana kiran assalatu na gama ɗaure kwandona. Ba wani kaya ba ne a ciki, kasko uku ne ƙanana da na gina da hannuna, na binne su cikin ƙaiƙayi kamar ƙwai. Matan ajinmu na yaƙi da jahilci, kun dame ni da tambayar ina na je, me na gano. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta. Wadda ta ga harafi ya karkace ta yi haƙuri, sai da na yi jikoki na fara riƙe biro.

Ga abin da ya fitar da ni. Gidanmu tun kakata ake ginin tukwane. Yanzu hannuna ba ya iya randa, yatsun sun ƙi lanƙwasa. Wadda ta rage tana yi ita ce Rakiya, matar ɗana, ni na koya mata. To Rakiya ta ce ta gaji, suyar awara za ta koma. Ban ga laifinta ba. A kasuwa mace za ta ɗauki kaskonmu, ta juya shi, ta ajiye, ta wuce wajen roba da tangaran. Rannan wata mata ta nuna mana wani kwano kore mai sheƙi, ta ce ba daga waje aka kawo shi ba, wani Malam Sabo ne ke yi a ƙauyen Kudan, da ƙasa da toka. Rakiya ta shafa shi ta ce, "Inna, in yumɓunmu zai yi wannan sheƙin, na fasa barin gini." Na ce ta ba ni lokaci in je in gani. Aka samo mini lambar mutumin, muka yi waya, ya ce in zo da kaskon da aka gasa amma ba a yayyafa masa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ba, in kuma biya Makarfi in taho masa da tokar masu mazarƙwaila.

Ɗan acaɓa ya ɗauke ni da duhu-duhu, ga sanyi. Ya ce, "Iya, ki riƙe ni fa."

Na ce, "Hannu biyu gare ni, duka suna kan kwando. Kai dai riƙe hanya."

Duk ramin da ke tsakanin Saulawa da Ikara sai da ya gaisa da ƙuguna. Mun isa tasha gari ya waye, amma mota ba ta cika ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Kwandasta ya miƙo hannu zai sa kwandon a baya, ƙarƙashin buhunan barkono.

"Kul! Ajiye hannunka."

"Haba Hajiya, zinariya ce a ciki?"

"Da zinariya ce da na ba ka ka danne. Ita ai ba ta fashewa."

Haka na ɗora shi a cinya, mu huɗu a kujerar baya, wata ƙatuwa ta zauna mini a rabin ƙafa. Kada ku tambaye ni nisan hanya, ban san kilomita ba. Gwiwata ce ma'aunina, ita kuwa ta ce da nisa.

Makarfi

Kafin mu shiga gari akwai shinge. Jami'in ya leƙo ya ce, "Mama, mene ne a kwandon?" Na ce ƙasa ce. Ya tona ƙaiƙayin, ya ga kasko, ya ce kakarsa ma tana yi kafin ta rasu. Na ce Allah ya ji ƙanta. A raina na ce kowa kakarsa ce ke yi, ba ka jin mai cewa matata.

A Makarfi na sauka wajen Garba, ɗan ƙanena, mai dafa mazarƙwaila a bayan gari. Bayan mun gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da awaki, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya yi dariya har ya dafa gwiwa.

"Gwaggo, kin baro toka a Saulawa kin biyo mota neman toka? Ko murhunku ya daina yi?"

"Ka ba ni ko in tafi wajen maƙwabcinka?"

"Wane ni! Amma ta yau da zafi, sai ta huce. Kwana ya kama ki."

Na zauna a inuwa ina kallon aikinsu. Inji na matse rake, ruwan na tafasa a manyan kwanoni, busasshen raken da aka matse kuma shi ake turawa wuta. Da la'asar da suka janye wuta, Garba ya kira ni in leƙa cikin murhun. Bangon ciki, daidai inda harshen wuta ke duka, ya yi wani abu kamar narkakkiyar kwalba, ya zubo ya daskare. Na sa farce, ko gezau. Na ce wa ya shafa wannan? Ya ce ba wanda ya shafa, haka yake yi da kansa, har haushi yake ba su. Ban gane ba a lokacin, na dai riƙe a raina.

Matarsa ta yi mini tuwon masara da miyar kuka, ta ba ni man zafi na shafa a gwiwa. Na yi barci kamar an jefar da ni.

Hanyar Kudan

Da safe Garba ya cika mini rabin buhu da toka, ya ƙara da mazarƙwaila ta tsaraba. Yanzu kayana ya zama biyu. Muka fito babban titin Zariya zuwa Kano, aka sauke ni, wani bawan Allah ya tsallakar da ni, don motocin nan ba su san tsohuwa ba. Na shiga wata motar ta ɓangaren Kudan. Buhun ya yi ɗan huji, toka ta riƙa bin ƙafafun mutane. Wani mai farar shadda ya ce, "Direba, wa ya shigo mana da murhu?" Na ce, "Ni ce. In ka isa gida ka karkaɗe."

Daga Kudan sai acaɓa kuma, ta cikin gonakin rake da tumatir. Azahar ta yi kafin na ga gidan.

Gidan Malam Sabo

Malam Sabo tsohon malamin makaranta ne, siriri, girarsa duk wuta ta lashe. Tun yana saurayi aka tura shi ƙasar Sin koyon aikin tangaran, ya dawo bai samu inda zai yi ba, sai da ya ajiye aiki ya gina nasa. Matarsa Asabe ta karɓe ni, ta ba ni ruwa da fura, ta ce in miƙe ƙafa tukuna. Allah ya yi mata albarka.

Da na huta ya kai ni bayan gida. Ni matoya na sani, fili ne, a jera tukwane, a lulluɓe da kara da ciyawa, a cinna. Nasa kuwa gini ne dogo, kwance a jikin tudu kamar kada mai hawa gaɓa. Bakinsa na ƙasa, nan ake sa wuta. Wutsiyarsa na sama, nan hayaƙi ke fita. A haƙarƙarinsa akwai ƙananan ramuka na tura itace.

Ya ce, "Iya, haka mutanen Sin na kudu suka gina nasu tun zamanin da. Wuta hawa take so. In kin kwantar da ita a tudu, ita ke jan iska da kanta, zafin ya ninka na fili."

"To sheƙin fa? Wane mai suke shafawa?"

"Ba mai. Da farko ma ba su nema ba. Tokar itacen ce ke tashi cikin wuta, ta sauka a kafaɗar tukunya. In zafi ya kai, sai ta narke ta haɗu da fatar yumɓun, ta zama gilashi. Suka buɗe suka ga gefen da ya kalli wuta yana ƙyalli."

Na ce, "Irin na murhun Garba!" Na ba shi labari. Ya ce shi ne, ba wani ba. Bambancin kawai, su Garba haushi suka ji, waɗancan kuwa suka zauna suka ce bari mu yi da gangan. Suka riƙa tankaɗe toka, su dama ta da ruwan yumɓu, su tsoma tukunya a ciki kafin ta shiga wuta.

Haka muka yi washegari. Ya haɗa tokar Garba da tasa ta itace, muka wanke, muka tace, muka tankaɗe, aka dama da ruwan farin yumɓu ya yi kaurin koko. Tokar ta ci mini hannu kamar sabulun salo. Kwanukan da aka tsoma suka fito fari-fari, ba kyan gani. Na ce ina koren? Ya ce yana cikin wuta. Akwai ɗan ƙarfe a tokar da yumɓun, in aka toshe wa wuta iska daga ƙarshe, hayaƙi ya cika ciki, shi ke juyar da shi kore. In aka bar iska ta wadata, sai ya yi ruwan ƙasa.

Sai ya ɗauki kaskona ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne, ya daɗe yana juya shi.

"Hannunki na da kyau, Iya. Amma jar ƙasa ce. Ina jin tsoro."

"Tsoron me? Shekara nawa tana shiga wuta tana fita?"

"Wutarku daban. Su mutanen Sin Allah ya ba su farin yumɓu mai jure zafi, shi ya sa abin ya yi musu. Ni ma nawa daga nesa nake sa a kawo. Ki bari in sa naki can wajen wutsiya, inda zafi ke da sauƙi."

Nan muka yi ta ja. Ku da kuka san gashi kun san tukunyar gefe ita ke fitowa ɗanya, wadda ake ji da ita tsakiyar wuta ake sa ta. Na ce ban taso daga Saulawa don a kai mini kaya gefe ba.

Asabe ta ce, "Malam, ka bar ta mana. Kai ma ba ka jin magana, yau ka gamu da yayarka."

A ƙarshe aka tsoma kaskona duka uku a ruwan tokar, aka sa biyu a gaba kusa da baki, ɗaya a wutsiya. Ya ɗora na gaban a kan wani faifan yumɓunsa, wai ko da wani abu. Na ji haushin faifan nan.

Wuta

Ni a zatona a cinna bayan asuba, kafin hantsi an gama, in kama hanya. Haka muke yi. Da na ga tulin itacen da ya tara, na tambaya ko na sayarwa ne. Ya ce na wannan gashin ne kaɗai. Wallahi itacen nan zai yi wa gidanmu girki har damina.

"Duk wannan don kwano ya yi ƙyalli?"

"Su mutanen Sin duwatsu gare su cike da daji, Iya."

"Mu kuwa kara muke rigima a kai."

Aka toshe ƙofa da bulo da laka, aka fara da 'yar wuta kamar ta ɗumama tuwo. Na ce ya ƙara mana, ya ce in aka yi gaggawa komai fashewa zai yi. Shi da ƙanensa suka yini suna turawa, suka kwana suna karɓa-karɓa. Ni dai na je na kwanta, ba zan yi muku ƙarya ba. Da safe na dawo na tarar abin na gurnani. Ya zare toshiyar wani rami ya ce in leƙa daga nesa. Wutar da na sani ja ce. Wannan ta wuce ja, ta wuce rawaya, ta koma fari-fari, ido ba ya iya tsayawa. Na ja baya ina salati. Suka bi ramukan haƙarƙari suna jefa siraran itace daga ƙasa zuwa sama, daga baya suka rage iska, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Da la'asar suka liƙe ko'ina da laka.

Na ɗauko sanda, don mu da zafinta muke janyo tukunya. Malam Sabo ya ce, "Ina za ki?" Na ce fitarwa. Ya ce ko bulo ɗaya aka zare yanzu, iska ta shiga, duk aikin ya tsattsage. Sai ya huce don kansa.

Kwanakin jiran nan su suka fi gajiyar da ni. Na taya Asabe ɓarar gyaɗa har yatsuna suka ƙi. Kullum sai na je na dafa bangon, kullum da ɗumi. Rakiya ta kira a waya.

"Inna, ya ake ciki?"

"Ana jira."

"Ya yi sheƙin?"

"Na ce miki ana jira. Kin ba awaki ruwa?"

Buɗewa

Ranar da aka fasa ƙofar, nasa aka fara fitarwa. Kore shar wasu, wasu kamar ruwan kududdufi mai kwanciya, inda ruwan tokar ya taru ya yi duhu. Ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Ba zan ɓoye ba, abin na da kyau.

Sai ya jawo faifan nan. Kaskona biyu babu su. Sun zauna, sun baje, sun manne da juna kamar tuwon da aka taka. Baƙi ƙirin, da ƙuraje, amma a saman akwai sheƙin, kore-kore, yana ɗaukar ido. Na gane bakin ɗaya, inda na bi da babban yatsa. Da ba don faifan ba da sun narke a kan kayansa.

Na wutsiyar ya fito da ƙafarsa, bai ko karkace ba. Sai dai tokar ba ta narke ba. Ta bushe a jikinsa, garas-garas kamar bangon da ba a shafe ba, in ka murza tana zuba.

Na zauna a ƙasa, na sa su a gabana. Ba sai an yi mini bayani ba. Zafin da zai narka toka ya fi ƙarfin yumɓunmu. Zafin da yumɓunmu zai ɗauka ba ya narka toka. Malam Sabo bai ce ai na faɗa miki ba, na gode masa da wannan.

Na ce, "Malam, su mutanen naka ba su da wata dabara ta jar ƙasa?"

Ya kau da kai, ya shiga tattara kwanukansa. Asabe ta ce, "Faɗa mata gaskiya, ta yi tafiya."

Ya ce akwai. Daga baya sun gano in aka haɗa da dalma, sheƙi na fitowa da ƙaramar wuta, jar ƙasa ma na ɗauka, har launi ya fi haske. Amma yawancin irin waɗannan na ado ne da na binnewa tare da mamatansu. Dalma guba ce. Duk abu mai tsami da aka zuba, fura ko kunun tsamiya, yana jawo ta daga jikin kwanon. Mai damawa na shaƙa, mai ci na haɗiya, yara ta fi kamawa, kuma ba a gani sai ta yi ɓarna. Ya ce, "Ni ba na yi, ba na koyarwa. Amma ba zan ce miki babu ba."

Komowa

Na yi sallama da su da sassafe. Asabe ta ƙulla mini gyaɗa, Malam Sabo ya sa ƙanensa ya kai ni har Kudan a babur. Na ɗauko narkakken da busasshen, na mayar cikin ƙaiƙayi, duk da babu abin da zai ƙara samunsu.

A tashar Makarfi, muna jiran mota ta cika, akwai mai gyaran batir daidai tagar da nake. Ga tsofaffin batir nan jibge, ya fasa wasu, dalmar a fili. Na daɗe ina kallo. Na san da na sauko na tambaya zai sayar mini, ba zai ce me za ki yi da ita ba. Na lissafa yadda kaskonmu zai yi ƙyalli a kasuwar Ikara, matan nan su daina ajiyewa. Na kuma lissafa wa zai sha fura a ciki. Direba ya ce, "Iya, za ki sauka ne? Na ga kin riƙe ƙofa." Na ce, "Ja motarka."

Shingen nan na nan, amma jami'in wani ne daban, bai tambayi komai ba. Daga Ikara acaɓa ya kawo ni gida ana kiran magariba. Na yi salla a zaune.

Rakiya ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta yi mini sannu da hanya, idonta na kan kwandon. Na ce ta buɗe. Ta fito da su, ta shafa koren da ke kan narkakken, ta murza busasshen, toka ta zubo mata a zane.

"Inna, babu wata hanya?"

Na ce akwai, na faɗa mata ta dalma, ban rage komai ba.

Ta ce, "Tsohon batir ai ba ya wuya."

"Ba ya wuya. Na gan shi da idona yau. 'Ya'yanki za ki fara zuba wa, ko na wata?"

Ta sunkuyar da kai. Na ga tana jiran in roƙe ta ta ƙara shekara guda. Ban roƙa ba. Alkawari muka yi, yumɓun ya ba da amsa.

Na ce, "Gobe ki jiƙa wakenki na awara."

To kun ji inda na je. Duk wanda ya zo muku da maganin sa tukunya ƙyalli da ƙaramar wuta, ku tambaye shi me ke ciki. Akwai sauran kwaɓaɓɓen yumɓu a ramin bayan ɗakina, mai kyau ne, ni na tako shi. Wadda murhunta ya tsage ta zo ta ɗiba kafin ya bushe.

Na gode wa Garba da matarsa, na gode wa Malam Sabo da Asabe da suka riƙe baƙuwa mai gardama ba su gaji ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ƙafafuna, ko da yake har yau ba su yafe mini ba.